Kurakuran da ake yi wajen yanke wa ƙungiyoyin besbol hukunci a farkon kaka

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila, idan ya fara bibiyar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, abin da ke fara ruɗa shi shi ne yawan wasanni. Kowace ƙungiya cikin 30 tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Wasa 16 na farko bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kakar ba, daidai da wasa huɗu a Firimiya. Amma da an shiga Afrilu sai ka ji an naɗa zakara, an kuma binne wasu da ransu.

Babban kuskure shi ne ɗaukar teburin Afrilu a matsayin gaskiya. A 2019 Seattle Mariners ta ci wasa 13 cikin 15 na farko, magoya baya suka fara murna, amma ta ƙare kakar da nasara 68 da rashin nasara 94. A shekarar dai, Washington Nationals ta sha kashi sau 31 a wasa 50 na farko, har ana ta kiran a kori kocinta Dave Martinez. Ba a kore shi ba, kuma ita ce ta ɗaga kofin World Series, wato kofin zakaran gasar, a watan Oktoba bayan ta doke Houston Astros. A besbol, ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma takan sha kashi wajen sau 60 a kaka, don haka faɗuwa biyar a jere ba labari ba ne. Maganin wannan: ka bar teburin sai an buga aƙalla wasa 50 ko 60, kuma ka dubi tazarar makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta. Wadda ke ta tsira da ratar maki ɗaya, galibi sa'a ce ke riƙe da ita.

Sai yarda da zuzutawar lokacin sanyi, lokacin da ake cinikin 'yan wasa. New York Mets ta shiga kakar 2023 da albashin 'yan wasa mafi tsada da aka taɓa gani a gasar zuwa lokacin, attajirinta Steve Cohen ya buɗe bakin aljihu. A takarda komai ya yi: ga Max Scherzer, ga Justin Verlander, manyan masu jifa biyu, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo. Abin da masu kambamawa suka tsallake shi ne shekaru, domin Verlander ya kai 40, Scherzer na da 38. Tun kafin a fara, Edwin Díaz, mai jifan da ke shigowa a ƙarshe ya rufe musu wasa, ya ji rauni a gwiwa a watan Maris, ba a cikin wasa ba ma, a wajen tsallen murnar nasarar da ƙasarsa Puerto Rico ta yi a gasar World Baseball Classic. Bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Verlander shi ma da jinya ya fara. Zuwa farkon Agusta an yi musayar dattawan biyu da wasu 'yan wasa, Mets ta ƙare da nasara 75 kacal. Idan ka ga ana yabon ƙungiya, tambayi shekarun masu jifanta, sannan ka tambayi wa zai maye gurbi idan biyu daga cikinsu sun kwanta. Ni a ganina wannan tambaya ta fi jimlar kuɗin da aka kashe amfani.

Wasannin share fage da ake yi a Florida da Arizona a Fabrairu da Maris su ma suna yaudara. Manyan 'yan wasa sukan fita tun wasa bai yi nisa ba, mai jifa kan ɓata rana yana gwada sabon salo ba tare da ya damu da sakamako ba, ga busasshiyar iskar Arizona da ke sa ƙwallo ta yi nisa. Shohei Ohtani da ya zo daga Japan a 2018, sau huɗu kawai ya yi bugu mai kyau cikin gwaji 32, har wasu suka ce a tura shi ƙaramar gasa ya koyo. Da aka fara kaka, a makon farko na Afrilu ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a wasa uku a jere, ya kuma ƙare da kyautar gwarzon sabon ɗan wasa.

Akwai kuma ɗan wasan da zai yi zafi na mako biyu a ɗauke shi tauraro. Chris Shelton na Detroit Tigers ya tsallakar da ƙwallo katanga sau tara a wasa 13 na farkon 2006. A ƙarshen Yuli an mayar da shi ƙaramar gasa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma masu jifa ba sa ɗaukar lokaci kafin su gano inda sabon mai bugu yake da rauni.

Sai dai kada a wuce gona da iri a ce Afrilu ba ta nuna komai. Wasu abubuwa suna bayyana da wuri: saurin jifa, da yawan yadda mai bugu ke kai sanda yana kuskuren ƙwallo. Idan mai jifan da ya saba kai mil 97 a sa'a ya dawo 93 wasa uku a jere, kada ka saurari bayanin koci cewa sanyi ne. Sa ido a jerin masu jinya na ƙungiyar, don sau da yawa can sunansa yake nufa.