Yadda za ki saki jiki ki yi cefane a hannun manoma

Shekara biyu da aurena a Gombe ban taɓa sayen ko kashin tumatir ɗaya a hannun manomi ba. Komai a shagon unguwa nake saye, inda farashi a yanke yake. Ba nisa ne ya hana ni zuwa kasuwa ba, tsoro ne: kada in taya kaya a yi mini dariya, ko a gane baƙuwa ce ni a tsuga mini kuɗi. Surukata ce ta gaji da ganin haka, wata safiya ta ce, "Ɗauko mayafinki, Kwadon za mu." Abin da zan faɗa miki a wurinta na koya, sauran kuma ƙafata ce ta koya mini.

Kwadon na kan hanyar Dadin Kowa, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, kuma masu noman rani na wannan yanki suna fito da tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Ki yi sammako. Da safe kayan na da sanyinsu, jama'a ba su cika ba, mai kaya kuma yana da haƙurin amsa tambaya. Zuwan farko ki nemi rakiyar wadda ta saba, ki bi ta a baya ki saurara.

Idan kin isa kada ki sayi komai tukuna. Zagaya sau ɗaya, jakarki a rufe. Tsaya kusa da masu ciniki ki ji nawa aka faɗa, nawa aka taya, a nawa aka rabu. Kafin ki tambayi mutum uku kin san farashin ranar, kuma rabin fargabar nan rashin sanin farashi ne ke kawo ta.

Sannan gaisuwa. Kada ki tsaya a kan kayan mutum ki ce "nawa?" kai tsaye. "Sannu Baba, ya kasuwa?" ko "Inna, ina kwana, ya gida?" Wasu Tera ne, wasu Fulani, amma kowa zai amsa miki da Hausa, kuma fuskar da ya sake miki ita ce za ta sa bakinki ya buɗe.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni wahala, wato tayi. Rana ta farko na taya daron tattasai, dattijon ya ce, "Albarka." Jikina ya yi sanyi, na ɗauka na ɓata masa rai, har na juya zan tafi. Inna, surukata, ta riƙo hannuna ta ce, "Ina za ki? Ai yanzu aka fara." Albarka ba kora ba ce. Nufinsa kuɗin bai kai ba, ki ƙara. Idan ya ce dubu biyar, kin kuma ji ana rabuwa a huɗu, fara da uku da rabi, ki riƙa hawa a hankali. In bai yi miki ba, ki ce "Allah ya kawo kasuwa" ki wuce, babu wanda zai riƙe ki da komai. Sau da yawa ma kafin ki yi taku biyar za ki ji an ce, "Hajiya, dawo ki kawo."

Abu ɗaya ne ake jin haushinsa: ki taya, a ce "na sallama," sannan ki fasa. Wannan shi ne abin kunya na gaskiya, don haka kada ki taya abin da ba ki shirya biya ba. Kuma ina roƙonki kada ki danne manomi har ƙasa. Mutumin nan shi ya sayi taki, ya sayi man injin ban ruwa, ya biya kuɗin mota, ga tumatir ba ya jiran gobe. Ragin da ya dace daban, cin gumin mutum daban.

Bayan an sallama ki nemi gyara, al'ada ce, da murmushi ake ba da ita. In kwando ne, ki ce a ɗan buɗe miki ƙasa ki gani, domin manya a sama suke zama. Kwando guda ya fi ƙarfin gida ɗaya, ni da maƙwabtana biyu muke haɗa kuɗi mu raba, abin da ya ragu in yanka in shanya. Ki riƙe ƙananan kuɗi a hannu, kada ki dogara da tura kuɗi ta waya, kuma ki yi magana da ɗan dako a kan ladansa kafin ya ɗauka.

Hatsi kuwa Tudun Hatsi nake zuwa a cikin gari. Can ma haka ne, sai dai ki duba mudun da za a auna miki, ki damƙi wake ki ga ko da huji, ki sansana ko da warin magani. Dattijon tattasan nan har yanzu a wurinsa nake saye, in ya hango ni sai ya ce, "'Yata, ina Inna yau?"