Yadda ake tayar da sabon injin sanyi da ɗumama na kan rufi, da abin da ake aunawa kafin a miƙa aiki

Injin da ake magana a kansa shi ne irin wanda ake ɗorawa a saman kanti, banki, asibiti ko ɗakin taro, wanda komai nasa yake cikin akwati guda: kwamfireso, kwayil ɗin ciki da na waje, fankar da ke tura iska cikin gini, fankar kwandansa, filta, da ɓangaren ɗumama, ko na gas ko na hitar lantarki. Daga masana'anta yake zuwa da gas ɗinsa na sanyi a aune, shi ya sa wasu ke ɗauka da an haɗa waya da bututun iska sai kunnawa kawai. Amma masana'anta ba ta san irin wutar da za a ba shi ba, ba ta kuma san tsawo da lanƙwasar bututun da aka ja masa ba. Saboda haka wuta ake fara tantancewa, sannan iska, gas ɗin sanyi ya zo a ƙarshe. Wanda ya fara da ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, lambobin da zai gani ɓatar da shi za su yi.

Ka tanadi mita mai auna ƙarfin wuta, mitar amfiya mai kama waya, gejin da ya dace da gas ɗin injin, ma'aunin zafi mai maƙalewa a bututu, manomita ta auna matsin iska, ma'aunin lebur, ruwan sabulu, da littafin injin. Duk inda lambar littafin ta saɓa da wadda ke nan, ta littafin za ka bi.

Kafin a ba shi wuta

Ka kashe babban makunni, ka sa masa kwaɗo, ka auna da mita ka tabbatar babu wuta. Idan fankar tana da inbata, ka jira mintunan da aka rubuta a jikinta, domin tana riƙe caji bayan an ɗauke wuta.

Ka cire duk katako, ƙarfe da notin da aka ɗaure kaya da su saboda jigila. Ka ɗaure bakin kowace waya a kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wa moto wuta, da wurin shigar wuta, har da waɗanda masana'anta ta ɗaure, don girgizar hanya tana sassauta su, waya mai sako-sako kuwa zafi take yi har ta ƙone. Ka duba bututun jan ƙarfe kada wani ya riƙa gogar wani, ka nemi danshin mai a wuraren walda, domin inda mai ya fito gas ma ya fita. Ka juya kowace fanka da hannu ka ji ba ta taɓa komai.

Magudanar ruwa ita ce aka fi rainawa. A yawancin waɗannan injuna fanka tana zuƙo iska ne ta cikin kwayil, don haka tiren ruwa yana cikin wurin da ake zuƙa. In babu lanƙwasa mai riƙe ruwa a bututun, iska za ta riƙa shigowa ta nan ta hana ruwan fita, tire ya cika ya zube cikin bututun iska ko kan silin. Zurfin lanƙwasar ya fi ƙarfin zuƙar fanka, in an auna shi da tsayin ruwa, da kamar milimita 25, bututun kuma ya gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Ka zuba ruwa a tiren ka ga ya fita, hakan kuma ya cika lanƙwasar tun daga farko. Injin da bai zauna lebur ba, ruwansa wani gefen yake taruwa ko da magudanar lafiya lau take.

Daga nan ka ba injin wuta, tamostat a kashe, ka bar shi haka. Akwai ƙaramar hita a gindin kwamfireso, kuma masana'antu da yawa suna cewa ta yi awa 24 kafin a tayar. Dalili shi ne injin da ya daɗe a ajiye gas ɗinsa yana taruwa cikin man kwamfireso. In aka tayar da shi haka, man sai ya yi kumfa ya fice, ƙarfe ya goga ƙarfe a minti na farko na rayuwar injin. Ka taɓa gindin ka ji ɗumi, ko ka auna amfiyar hitar, kada ka ɗauka tana aiki don kawai an kunna wuta.

Wuta

Ka auna tsakanin kowane layi biyu na fes uku. Ƙarfin wutar kada ya kauce wa abin da ke kan farantin injin da fiye da kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rashin daidaito tsakanin layukan, wanda bai kamata ya wuce kashi 2 ba. Misali ka sami 398V, 405V da 412V. Matsakaicinsu 405, wanda ya fi nisa da shi ya kauce da 7, in ka raba 7 da 405 ka ninka da 100 za ka sami kashi 1.7, yana cikin iyaka ke nan amma da ƙyar. Ɗan bambanci a ƙarfin wuta yana zama bambanci mai ninki shida zuwa goma a amfiya, naɗin waya ɗaya na moto ya riƙa ɗaukar zafin da sauran ba sa ɗauka. In ya haura kashi 2, matsalar daga gini take ko daga masu ba da wuta, a gyara ta kafin a ci gaba. Ka sake wannan awon bayan kwamfireso ya tashi, don waya mai siranta ba ta nuna kanta sai ta ɗauki lodi.

Injunan da aka yi wa 208/230V suna zuwa ne da taransifomar sarrafawa a ɗaure a kan 230. In wutarka 208 ce ba ka mayar da wayar ba, 24V ɗin sarrafawa zai yi ƙasa, kwantakta ta riƙa karkarwa har bakinta ya ƙone.

Sai alkiblar juyawa. Kwamfireso samfurin sukurol mai fes uku yana iya juyawa baya. Alamominsa a fili suke: ƙara mai kaushi, matsin ɓangaren zuƙa ba ya sauka, na ɓangaren turawa ba ya hawa, amfiya ta yi ƙasa sosai. Ka kashe nan take. Ka musanya waya biyu a wurin shigar wuta, ba a jikin kwamfireso ba, domin masana'anta ta riga ta daidaita duk motocin ciki a alkibla guda. Kada ka dogara da fanka wajen hukunci. Fankar da ke juyawa baya tana tura iska ta hanyar da ta dace, sai dai kaɗan, don haka kibiyar da ke jikinta za ka duba. In kuma tana kan inbata, za ta juya daidai ko da layukan a juye suke, alhali kwamfireso yana baya.

Iska

Nan ne aikin yake. Tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa, kusan kilowat 3.5, kuma yana buƙatar iska kimanin CFM 400, wato wajen kubik mita 680 a awa. Injin tan 10 yana son CFM 4,000. A wuri mai laima ana iya sauka zuwa 350 a kowane tan don a matse ruwa sosai daga iska, amma ƙasa da haka kwayil ya fara neman ƙanƙara.

In fankar mai bel ce, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun ka ga sun yi layi ɗaya. Ka danna tsakiyar bel, ya lotsa kamar milimita 16 a kowace mita ta tazarar da ke tsakanin fulin, wato milimita 8 in tazarar rabin mita ce, da ƙarfin dannawar da littafi ya faɗa. Bel mai sako-sako yana zamewa iska ta ragu, wanda aka ɗaure tamau kuma boris yake ci.

Ka sa filta masu tsabta, ka buɗe duk ƙofofin iska na cikin gini, ka rufe duk murafan injin, sannan ka kunna fanka ita kaɗai. Rufe murafan ba ado ba ne: in murfin fanka a buɗe yake, tana samun iska ba tare da wahala ba, amfiya ta hau, duk awon da ka yi ya zama na banza. Ka huda ƙaramin rami a bututun fita da na dawowa kusa da injin, ka auna matsin kowanne da manomita, ka haɗa su ba tare da kula da alamar ragi ba. Da wannan jimla da saurin juyawar fanka za ka shiga jadawalin littafi ka ga CFM nawa kake samu.

In iska ta yi kaɗan, ana matse fulin moto don ƙara sauri, ana buɗe shi don ragewa. Amma ka yi rabin zagaye-rabin zagaye kana duba amfiya, domin ƙarin kashi 10 a sauri yana jawo ƙarin kusan kashi 33 a ƙarfin da moto ke ja. Kada amfiya ta wuce FLA, wato amfiyar cikakken lodi, da ke kan farantin moto. In ka kai iyaka iska ba ta isa ba, laifin na bututu ne: ƙofar kashe gobara da aka bari a rufe, audugar rufi da ta ɓalle ta toshe hanya, ko bututun dawowa da ya yi ƙanƙanta. Ƙara sauri ba ya gyara ko ɗaya a ciki.

Gas ɗin sanyi

Yanzu ka kira sanyi daga tamostat. In bai tashi nan take ba kada ka fara kwance waya, yawancin injuna suna da jinkirin minti 5 na kare kwamfireso. In da'irar gas biyu ce, ka kira mataki na biyu ma, ka bar su su yi aƙalla minti 15 kafin ka yarda da kowace lamba.

Matsi shi kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa shi da zafin bututu. A injin R-410A, psi 118 a ɓangaren zuƙa yana nufin gas yana tafasa a kusan digiri 4.5. In bututun zuƙa ya nuna digiri 11, sufahit ɗinka, wato yadda zafin bututun ya haura na tafasa, 6.5 ne. A ɓangaren ruwa, psi 365 yana daidai da digiri 43, in bututun ruwa ya nuna 37, sabkulin ɗinka, wato yadda zafin bututun ya gaza wanda matsin ya nuna, 6 ne. Injin da ke da bawul ɗin TXV, mai daidaita gas ɗin da ke shiga kwayil da kansa, da sabkulin ake hukunta yawan gas ɗinsa, wanda ke da ƙayyadadden rami kuwa da sufahit, a bi jadawalin da ke manne a murfinsa, wanda ke la'akari da zafin waje.

Sufahit sama, sabkulin ƙasa, gas ya yi kaɗan, kuma a sabon inji wannan yoyo ne, a nemo shi kafin a ƙara komai. Duka biyun sama, akwai toshewa a layin ruwa, ko a diraya mai tace gas ko a bawul. Matsin zuƙa ƙasa tare da sufahit ƙasa, iska ce ba ta isa ba. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da ke cin mutane: su ga geji ya yi ƙasa su ɗura gas, ruwan gas ya koma cikin kwamfireso ya wanke masa mai. In dole sai an ƙara, R-410A a ruwansa ake fitar da shi daga tukunya saboda gauraye ne, a sannu, tukunyar tana kan sikeli. Sababbin injuna masu R-32 ko R-454B gas ɗinsu yana iya kama wuta, ba a walda ko kunna ashana kusa da shi, kuma ba a haɗa gas iri biyu.

Ka auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Bambancin digiri 8 zuwa 12 shi ne aka saba gani, yana raguwa in iskar ɗakin tana da laima sosai. Amfiyar kwamfireso ta tsaya ƙasa da RLA, wato amfiyar lodinsa da ke kan faranti. In matsin turawa ya yi sama ba dalili, ka duba ko bango ko wani injin yana mayar wa kwandansa iskarta mai zafi.

Ɗumama

A injin gas, ka fara tabbatar da irin gas ɗin. Wanda aka yi don gas na bututu ba a ba shi na tukunya sai an canza ramukan bona da sifirin ɗin bawul. Ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Matsin shiga kada ya wuce milibar 35, kuma in za a gwada bututun gini da matsin da ya fi haka, a cire injin daga layin tukuna, in ba haka ba bawul ya lalace. Bayan bawul, yawanci ana neman kusan milibar 8.7 ga gas na bututu, 25 ga na tukunya, a babban mataki.

Ka tsaya ka kalli jerin tashinsa: ƙaramar fankar hayaƙi, sai tartsatsi, sai bawul ya buɗe, wuta ta bi bona duka, bayan daƙiƙa 30 zuwa 45 babbar fanka ta tashi. Inda jerin ya tsaya, nan laifin yake. Wutar da ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, sandar gane wuta ce ko rashin wayar ƙasa mai kyau. Harshen wutar ya zama shuɗi a tsaye. In ya karkace daidai lokacin da babbar fanka ta tashi, iska tana shiga inda bai kamata ba, a kashe a bincika saboda hayaƙi mai guba. Ƙaurin mai a kunnawar farko ba laifi ba ne, sai dai a gaya wa mutanen gini tun da wuri. Hawan zafin iska ya faɗa cikin iyakar da ke kan faranti. In ya haura, iska ce ta yi kaɗan. A hitar lantarki, ka auna amfiyar kowane mataki, ka tabbatar fanka tana tashi tare da ita.

In akwai ƙofar shigo da iskar waje, ka gwada ta ta buɗe ta rufe har ƙarshe, ka saita mafi ƙarancin buɗewarta yadda zanen gini ya nema, ka ga tana rufewa in an ɗauke wuta. Ka gwada na'urar gano hayaƙi ta cikin bututu ka ga tana tsayar da fanka. Ka toshe ramukan da ka huda, ka mayar da hulunan bawul. Duk lambobin da ka auna ka rubuta su tare da zafin waje na ranar, a bar kwafi a cikin injin. Bayan awa 24 zuwa 48 na aiki a dawo a sake ɗaure bel, domin sabo yana miƙewa, a kuma canza filta in ginin bai gama fita daga ƙurar aiki ba.