Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗaura Rediyon Oba-Oba a Motar Shiga Daji

Mutum zai zuba kuɗi ya sayi rediyo mai kyau, Yaesu ko Icom, ya ɗaura a Hilux ɗinsa, da zarar an sauka daga kwalta an hau gargada sai magana ta fara tsinkewa. Nan da nan sai a ɗora wa rediyon laifi, alhali yawanci aikin wayarin ne aka yi shi a gurguje.

Kuskure na farko shi ne jan wuta daga soket ɗin kunna taba. Rediyo mai wat 50 yana zuƙar sama da amfiya 10 lokacin da kake magana, na dogon zango mai wat 100 kuwa yakan kai 20. Siririyar wayar soket ba za ta ɗauka ba: ko fiyus ya ƙone, ko rediyon ya riƙa mutuwa da ka danna makirfo. Ja jar waya mai kauri daga kan batir kai tsaye, ka sa fiyus dab da batirin. Wasu kan bar shi can bayan rediyo, su manta cewa idan wayar ta goge a tsakiya babu abin da zai hana gobara. Inda za ta ratsa ƙarfe ta shiga cikin mota, a sa mata zoben roba. Kuma ka tambayi mai wayarin ko motar volt 12 ce ko 24, don manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal 24 ne, rediyon kuwa 13.8 yake so. Haɗi ɗaya ya isa ya gama da shi.

Sai eriya, inda aka fi tafka ɓarna. Mai gindin maganaɗisu ta cikin gari ce. A hanyar burji za ta yi ta zamewa tana kankare fenti, reshe ɗaya ya yar da ita. Ɗaure ta da kusoshi, ka sa mata gindi mai sifirin. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, ga yawancin eriyoyin mota bodin motar shi ne rabin eriyar. Idan ka ɗaura ta a kan fenti ko tsatsa, ko a ƙarfen gaba da bai haɗu da bodi sosai ba, rabi kawai ka ɗaura. Kankare wurin har ƙarfe ya fito, ka ɗaure, sannan ka shafa abin hana tsatsa. Tsakiyar rufi ya fi ko'ina kai sigina, sai dai nan ne itatuwa ke duka, shi ya sa ni na fi son gajeriyar nan mai tsawon kusan santimita 50 ta zangon rediyon da ake kira mita 2. Ba ta da kwarjini, amma tana dawowa gida lafiya.

Kada ka fara magana kafin ka auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da rediyo. In ya haura 2, wani kaso na wutar da ya kamata ta fita yana komowa cikin rediyo ne, yana gasa shi. Ka auna a fili, ƙofofi a rufe.

Wayar eriya kuma kada a matse ta a bakin ƙofa. Mahaɗin wayar eriya da ake kira PL-259 ba ya hana ruwa, a naɗe shi da tef mai kama jikinsa kafin damina.

In kana jin wani siririn kuka da ke ƙaruwa da ka taka totur, altaneta ce. Nisanta wayoyin rediyo da na inji, ka haɗa bonet da bodi da faffaɗar wayar tagulla.

Kan dashbod ba mazaunin rediyo ba ne, ranar Afrilu za ta dafa shi, kuma kada ya tare gaban jakar iska. Ƙarƙashin kujera ya fi, muddin iska na ratsawa kuma ba ka tsallaka rafi mai zurfi. Lokacin hunturu ka riƙa hure masa ƙura.

Takardar lasisi ta zauna a cikin mota, mai ɗauke da lambar kiranka, wadda ke farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar. Doguwar eriya na jawo tambaya a shingen jami'an tsaro, kuma bayanin baki ba ya wadatarwa a wurin.