Yadda ake gyara ƙarce a ledar kariyar fentin mota

Shekara uku ke nan ina manna wa motoci ledar kariya a shagona kusa da Panteka, kullum kuma sai an tambaye ni: "Maigida, da gaske ledar nan tana warkar da kanta?" Ƙwarai, in dai ƙarcen bai yi zurfi ba.

Fara wanke wurin da sabulu, ka ɗauraye ƙurar hunturu tas, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ƙara maka wani tabon. Sai ka ɗora ruwa ya yi zafi kamar digiri 60, kada ya tafasa. Zuba shi a hankali kan ƙarcen, ka tsaya ka kalla. Saman ledar robar poliyuretan ce. Zafi na sa ta yi laushi, ta koma shimfiɗe yadda take da. A gaban idonka layin zai dusashe. Har yau abin na burge ni.

Idan watan Afrilu ne, ajiye motar cikin ranar azahar ma ya wadatar.

Amma in ka sa farce ya maƙale a tsagar, ledar ta yanke ke nan, ruwan zafi ba zai haɗe ta ba. Ɓare wannan ɓangaren a manna sabo.