Yadda na ceto na'ana'ar da na shuka a Jidda

A watan Yuni na'ana'ar da na shuka cikin tukwane a saman gidanmu ta fara bushewa, kuma wani farin gari ya fito a kan ƙasar kamar an barbaɗa kanwa. Na ɗora wa rana laifi, amma wani dattijo maƙwabcinmu ya duba ya ce gishirin ruwan tanki ne ya taru. Sai na ajiye bokiti a ƙarƙashin bututun na'urar sanyaya ɗaki, wadda saboda laimar Jidda take ɗigar da ruwa mai yawa marar gishiri. Na kankare saman ƙasar, na kwarara ruwan har ya riƙa fita ta gindin tukwanen, sannan na mayar da su inuwar katanga. Bayan mako biyu ta sake toho.