Yadda ake karanta alamomin jikin motocin Yaƙin Duniya na Biyu

Masu fara wannan harka, da zarar sun hango farin tauraro a tsohon hoto sai su yanke cewa motar Amurka ce. A'a. Lokacin da aka shiga Normandi ta Faransa a 1944, motocin Ingila da Kanada ma suna ɗauke da shi. Aikinsa ya nuna mota ta sojojin ƙawance ce, da'irar da aka zagaye shi da ita kuma don jiragen sama su gane nasu ne. Haka gicciyen Jamus: Jamusawa sun kwace tankokin T-34 na Rasha sun shafa musu shi.

Saboda haka ka fara da bamba. In motar Amurka ce, ka ɗauka kana tsaye gabanta, ka karanta daga hagu. Rubutun hagu babbar runduna ce da rajimanti, na dama kamfani, wato rukunin sojoji a cikin rajimanti, da lambar motar. In ka ga 2, alwatika, 67, alwatika, to runduna ta 2 ce ta masu sulke, rajimanti na 67, domin alwatika alamar sulke ce. AB kuwa sojojin lema ne, kamar 101AB. A dama in an rubuta A-12, mota ta 12 ke nan a kamfanin A. Kada ka haɗa wannan da doguwar lambar da ke kan bonet. Waccan ta rajista ce, ba ta faɗin runduna, sai dai in ta fara da 20 to ajin motocin sintiri ce, kamar jif. Ni ba na yarda da hoton da aka matse a waya. Nemi babban kwafi ko da zai ci maka data, don 3 da 8 suna rikiɗa a dusasshen fenti.

Tankokin Jamus sun fi sauƙi. Lamba uku a kan tanka, misali 231: kamfani na 2, ƙaramin rukuni na 3, tanka ta 1. A farantin lambar mota, WH sojan ƙasa, WL na sama, WM na ruwa.

Na Ingila, alwatika rukunin A, murabba'i B, da'ira C. Faifai mai ruwan ɗorawa da baƙar lamba kuwa ajin nauyin motar ne, don mai gadin gada ya san ko za ta ɗauka.