Kafin ka ce tsohon kaset ɗin bidiyo ya goge: kurakuran da aka fi yi

Idan aka sa tsohon kaset a kyamara, allo ya tsaya shuɗi cak ba hoto ba sauti, abin da ake fara cewa shi ne "ai ya goge". Daga nan sai kaset ya tafi juji, ko yara su zare shi su yi wasa. Sau da yawa kuwa bikin auren, ko sunan, ko walimar saukar da ake nema tana nan daram a kan zaren. Injin da aka sa shi ne bai iya karanta shi ba. Wannan kuskuren ya fi duk sauran yi mini ciwo, domin wasu fuskokin da ke cikin kaset ɗin nan sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu su a wani wuri.

Tushen ruɗanin shi ne kwanson kaset ba ya gaya maka irin ɗaukar da ke ciki. Takarda ɗaya ce ake rubuta ajami da boko a kanta, amma wanda boko kaɗai ya iya, in an miƙa masa ajami sai ya yi shiru. Haka ɗaukar analog da ta dijital suke a kan zare iri ɗaya.

Inda abin ya fi kama mutane shi ne ƙananan kaset masu faɗin milimita 8. Video8 ta fito a 1985, Hi8 ta biyo baya a 1989, dukkansu analog ne. A 1999 kamfanin Sony ya kawo Digital8, wadda ke ɗaukar dijital a kan kaset ɗin nan na Hi8 ba tare da an canza kwanso ba. Saboda haka kaset mai tambarin Hi8 yana iya zama dijital ne a ciki, kuma in ka sa shi a kyamarar Hi8 ba za ka ga komai ba. Kyamarar Hi8 tana kunna Video8, amma Digital8 ta fi ƙarfinta. Kada ka yanke wa kaset mai milimita 8 hukunci sai ka gwada shi a kyamarar Digital8.

A nan ma akwai tarko. Mutum zai ji an ce Digital8 tana kunna duka ukun, sai ya je kasuwar kayan hannu ya sayi wadda ya fara gani. Ba kowace ke da wannan baiwar ba. Don rage kuɗi, Sony ya cire ta daga wasu, irin su DCR-TRV140 da DCR-TRV250, alhali DCR-TRV340 da DCR-TRV460 suna kunna analog, har ma su mayar da shi dijital ya wuce kwamfuta kai tsaye. Ka je da kaset ɗinka na analog, wanda ba shi ne mafi daraja ba, a kunna a gabanka kafin ka biya. Ka kuma duba harafin E a ƙarshen lambar kyamarar, shi ke nuna ta tsarin PAL ce, wato tsarin hoton talabijin irin na Nijeriya. Wani abin lura kuma, Digital8 tana jan zare da sauri, don haka a tsarin PAL kaset mai minti 90 minti 60 kawai yake ɗauka. In ya ƙare da wuri, ba yankewa ya yi ba.

Masu neman adaftar da za ta shigar da ƙaramin kaset cikin babban injin VHS su daina wahala, sai dai in kaset ɗin VHS-C ne. Shi zarensa na VHS ne, mai faɗin rabin inci, shi ya sa adafta ke aiki. Ga Video8, Hi8 ko MiniDV ba a taɓa ƙera irin wannan adaftar ba, zaren ma ba faɗi ɗaya ba ne. Shi kuwa S-VHS na 1987, wato VHS mai ƙarin ingancin hoto, zai shiga injin VHS lafiya, amma hoton zai fito a yayyage, sai in injin yana da tambarin SQPB.

MiniDV, wanda ya fito a 1995, dijital ne tun asali, shi ya sa ake zaton duk kyamarar da ta karɓe shi za ta kunna shi. Ba haka ba ne. Daga 2003 aka fara ɗaukar HDV, wato bidiyo mai ƙarin kaifin hoto, a kan kaset ɗin nan, kuma kyamarar DV ta yau da kullum ba ta ganinsa ko kaɗan. Sai ka nemi kyamarar HDV, wadda ita tana kunna duka biyun. Akwai kuma LP, dabarar da masu ɗaukar biki suke so don kaset mai minti 60 ya kai minti 90. Ɗaukar LP tana da tsirfa: kyamarar da ta ɗauka ce ta fi iya kunna ta, a wata kuwa sai hoto ya riƙa farfashewa, sauti yana ɗaukewa. In kyamarar asali tana nan da rai, ko a hannun wa take, a nemo ta.

Sai batun waya. Kafar USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori ba ita ce hanyar fitar da cikakken bidiyo ba. Hanyar ita ce FireWire, wadda Sony ke rubuta i.LINK a jikinta, wasu kuma DV. Wayar nan mai kai ɗaya FireWire ɗaya USB da ake tallata wa mutane ba ta aiki, ɓarnar kuɗi ce. A samu kwamfutar tebur a sa mata katin FireWire, a kuma tanadi wuri, domin awa ɗaya ta DV tana cin kusan gigabait 13. A kashe kyamarar kafin a sa wayar ko a cire ta, don kafar tana saurin ƙonewa. Ban kuma ga dalilin da zai sa a fitar da kaset na dijital ta wayar nan mai kai ruwan ɗorawa ba, in akwai FireWire. An mayar da shi analog ke nan, an zubar da ingancin da yake da shi.

Mu da ke da 'yan'uwa a ƙasashe daban-daban muna da ƙarin matsala. A zamanin kaset, tsarin hoton talabijin na Nijeriya da Gana PAL ne, na Nijar da Chadi SECAM, na Amurka kuma NTSC. Kaset ɗin VHS da aka ɗauka da SECAM a Maraɗi ko Damagaram, in aka kunna shi a injin PAL zalla a Kano, zai fito fari da baƙi, sai a ɗauka launin ne ya ƙoƙe don tsufa. Wanda aka aiko daga Amurka kuwa zai riƙa birgima, ko ya ƙi fitowa sam. Maganin shi ne injin da ke karɓar tsari da yawa, za ka ga an jera PAL, SECAM da NTSC a goshinsa. Irin waɗannan injina sai raguwa suke yi, tun da Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin VHS, ya daina a 2016.

Kafin duk wani gwaji, ka kulle kaset ɗin. A VHS ɓalle ɗan harshen roban da ke bayansa ake yi, a milimita 8 a ja jan maɓallin ya rufe ramin, a MiniDV a tura shi wajen SAVE. Maɓallin ɗauka yana kusa da babban yatsa a jikin kyamara, kuma daƙiƙa goma ta ɗakinka ta isa ta hau kan ɗaurin aure. Ka leƙa ta gilashin kwanson ma. In ka hango farin fumfuna a gefen zaren, kada ka sa shi a injin da ka sha wuya ka samo, domin zai toshe kan injin, kaset na gaba ma ya fito shuɗi ka sake cewa ya goge. A kai wa mai gyara ya share shi tukuna.